Mai Gyara Wa Ɗan'uwansa Rubutu Ya Ji Tsoron Allah

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya rantse da alƙalami, Ya kuma sa rubutu ya zama ma'ajiyar ilimi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da bai riƙe alƙalami ya yi rubutu ba, amma ya karantar da duniya ladabi, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Ya ku 'yan'uwana maza da mata, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai zamanin da idan mutum zai aika wa ɗansa saƙo a Ikko ko Kumasi, sai ya tafi bakin gidan waya ya nemi mai rubuta wasiƙa, ya tsuguna ya zayyana masa sirrin gidansa, ya biya shi. Yau Allah Ya sauƙaƙa. Mai shayi yana rubutu, ɗan acaɓa yana rubutu, tsohuwar da ta koyi baƙaƙe bayan ta aurar da 'ya'yanta ita ma tana lalubar haruffa a waya da ɗan yatsa guda. Wannan ni'ima ce, kuma duk ni'imar da ta sauka, Shaiɗan yakan nemi ƙofar da zai shigo ta cikinta. Ƙofar da ya samu a nan ita ce ta gyara. Mutum ya zauna bai da aiki sai farautar kuskuren 'yan'uwansa: wane ya haɗe kalmomin da ake rabawa, wance ta manta lanƙwasar harafi, wancan bai san inda ake sa aya ba. Ya tsinto, ya ɗaga sama, ya kira jama'a su zo su yi dariya. Sannan idan ka yi masa magana ya ce ai gaskiya yake faɗa, ai kishin harshe yake yi.

Ku dubi wannan da idon zuciya. Saurayi ne mahaifinsa ya cika da asuba. Gawa tana ɗaki, mata suna kuka, ana neman mai wanka, ana neman likkafani. Ya ɗauki waya hannunsa na rawa, ya rubuta wa dangi da abokai sanarwa, ya ƙare da roƙon Allah Ya ji ƙan tsohonsa. Sai dai ya haɗe kalmomin, ya kuma bar harafin ƙ ba lanƙwasa. Mutane suna ta amin, suna tambayar lokacin jana'iza. Can sai ga wani, mai digiri, ya shigo yana cewa a gyara, ai jika ɗan ɗa ne, a koyi Hausa kafin a yi rubutu. Subhanallahi! Akwai wanda bai fahimci abin da yaron nan yake nufi ba? Mala'ikun da ke rubuta ayyuka sun ruɗe ne? Ubangijin da aka roƙa bai gane ba ne? Maraya ya zo neman addu'a an ba shi darasin ƙa'idar rubutu. Wallahi mai wannan gyara ya san harafi, amma bai san lokaci ba, bai san wuri ba, bai san halin da zuciyar Musulmi take ciki ba.

Ya bayin Allah, mu koma ga wanda aka aiko domin ya cika kyawawan halaye, mu ga yadda ya yi da masu kuskure. Muslim ya ruwaito labarin Mu'awiya ɗan Hakam As-Sulami, sabon shiga Musulunci, wanda wani ya yi atishawa ana cikin salla shi kuwa ya yi masa addu'a da ƙarfi. Mutane suka zuba masa ido, ya sake magana yana tambayar me ya faru, suka shiga dukan cinyoyinsu don ya yi shiru. Da aka sallame, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya masa cewa salla ba a maganar mutane a cikinta. Mu'awiya da bakinsa ya ce bai taɓa ganin malami mai kyan koyarwa kamarsa ba, bai tsawata masa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. Kuskure ne a cikin salla, ginshiƙin addini! Ga kuma balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, sahabbai suka zabura, Annabi ya ce su ƙyale shi ya gama, aka kawo guga aka zuba ruwa, sannan aka kira shi aka sanar da shi abin da aka gina masallaci dominsa. Idan najasa a masallacin Madina an gyara ta da ruwan guga da tattausan lafazi, me zai sa harafi guda a saƙon waya ya zama sai da wulaƙanci?

Ku ƙara da wannan. Ya zo a hadisin Anas cewa Annabi ya ba da misalin mutumin da raƙumarsa ta ɓace a daji ɗauke da abincinsa da ruwansa, ya fid da tsammani, ya kwanta a inuwar bishiya yana jiran mutuwa, sai ga ta tsaye a kansa. Don tsananin murna ya buɗe baki zai yi godiya, harshensa ya juye, ya sa kansa a matsayin Ubangiji ya sa Ubangiji a matsayin bawa. Kalma ce da in da gangan aka faɗe ta, ta fitar da mutum daga addini. Annabi ya ce kuskure ya yi saboda tsananin farin ciki, bai ƙara komai a kai ba. A yau kuwa za ka ga an tasa bawan Allah a gaba don ya rubuta in sha Allahu a haɗe, ana yaɗa cewa ya yi saɓo, har ana taɓa imaninsa. Haƙiƙa a Larabci raba kalmomin shi ne daidai, kuma yana da kyau a koyar da hakan. Amma duk wanda ya rubuta ta, an san abin da ke ransa, yana jingina al'amarinsa ne ga nufin Allah. Wa ya ba ka ikon ka auna imanin mutum da tazarar da ke tsakanin haruffa biyu?

Kada wani ya tashi daga nan ya ce malam ya hana gyara. Ban hana ba, kuma ba ni da ikon hanawa. Al'ummar nan da gyaran rubutu ta tsare Littafinta. Mus'hafin farko ba shi da ɗigo, ba shi da wasali. Da Musulunci ya faɗaɗa, waɗanda ba Larabawa ba suka shigo, kuskuren karatu ya fara yawa, sai Abul Aswad Ad-Du'ali ya sa alamomin wasali, daga baya Nasru ɗan Asim da Yahaya ɗan Ya'amar suka sa ɗigon da ke bambanta haruffa masu kama da juna, sannan Khalil ɗan Ahmad ya zo da alamomin da suka zama tushen waɗanda muke gani a yau. Malaman hadisi har fanni suka ware domin kuskuren ɗigo da harafi, suka kira shi tas'hifi, suka wallafa littattafai a kansa. Sun ambaci cewa wani babban masani, Abubakar As-Suli, ya zo karanta hadisin azumin kwana shida na Shawwal, sai ya karanta kalmar da ke nufin shida a matsayin kalmar da ke nufin wani abu, domin a rubutun Larabci 'yan ɗige-ɗige ne suka raba su. Da an yi shiru don kunya, da adadin ya ɓace. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ɗora wa marubuci ya rubuta da adalci.

Saboda haka idan kuskure ya taɓa aya, gyara wajibi ne. Idan ya taɓa hadisi, gyara wajibi ne. Idan sifili ne ya ƙaru a takardar bashi, ko adadin ƙwayar magani aka rubuta ba daidai ba, ko sunan yaro aka karkata a takardar makaranta, wanda ya gani ya yi shiru ya ci amana. Mutum nawa ne a cikinmu suka yi ta zarya tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa da kotu, saboda an rubuta Muhammad a wannan takarda an rubuta Mohammed a waccan? Wanda ya lura tun farko ya faɗa, ya yi wa ɗan'uwansa alherin da ya fi kyautar kuɗi. Haka malami a aji, haka editan jarida, haka wanda aka ba littafi ya duba kafin a kai maɗaba'a. Waɗannan gyara aikinsu ne, za a tambaye su a kansa idan sun yi sakaci.

Mu da muka tashi a ƙasar allo mun san wannan tun muna yara. Gardi ya rubuta allonsa ya kawo darasu, alarammomi sun kewaye, ana bi harafi-harafi, ba a ɗaga wa kowa ƙafa ko da ɗan sarki ne. Sai dai ku lura da abu biyu: Littafin Allah ne ake tsarewa, kuma mai allon shi ya ɗauko allonsa da hannunsa ya kawo a duba masa. Wanda ya rubuto maka gaisuwar Juma'a ko cigiyar ɗansa da ya ɓata, bai kawo maka allo ba.

To ina bambancin yake? Ibnu Rajab Al-Hanbali, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan bambancin nasiha da kunyatarwa. Kalmomin da mai nasiha zai faɗa da waɗanda mai kunyatarwa zai faɗa suna iya zama iri ɗaya, abin da ke cikin ƙirji ne ya raba su. Mai nasiha yana son kuskuren ya gushe. Mai kunyatarwa yana son kuskuren ya tsaya a inda yake, domin da shi zai hau ya nuna tsawonsa. Ga ma'auni mai sauƙi, ɗan'uwa, ka auna kanka da shi kafin ka taɓa waya: da a ce ba wanda zai san kai ne ka gyara, za ka gyara? Da a ce mai rubutun ya lura da kansa ya gyara kafin ka yi magana, za ka ji daɗi ko za ka ji an ƙwace maka nama a baki? Amsar tana wurinka da Ubangijinka.

Mafi muni a cikin wannan duka shi ne gyaran da ake yi a tsakiyar gardama. Mutum biyu suna tattauna mas'ala, ɗaya ya kawo hujjar da ta fi ƙarfin ɗayan, sai wanda aka ƙure ya bar hujjar ya kama harafi, ya ce wanda bai iya rubuta kaza ba ne zai koya mini addini? Ya ku jama'a, Annabi ya fassara girman kai da abu biyu, ƙin gaskiya da raina mutane, kuma ya gargaɗe mu cewa mai ƙwayar zarra na girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wannan mutumin ya haɗa biyun a layi guda. Ya ƙi gaskiyar da aka kawo masa, ya raina wanda ya kawo ta. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma faɗi dalili, cewa mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri a wurin Allah. Wa ya sani ko tsohon nan mai karkataccen rubutu, da kai kake barci shi yana tsaye yana kuka a gaban Ubangijinsa? Annabi Musa kansa ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin da ke harshensa, ya kuma ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar magana, amma Musa ne Allah Ya yi magana da shi.

Kuma kai da kake tinƙaho da ƙa'ida, ka san tarihinta? Kakanninmu da ajami suka rubuta Hausa, malamai suka tsara wa'azi da fiƙihu da shi tun kafin Bature ya iso. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, ya fitar da dokokin rubutun Hausa da boko a 1912, kuma a tsarinsa ɗigo ake sawa a ƙarƙashin harafi. Haruffan nan masu lanƙwasa sai a shekarun 1930 suka shigo, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta taimaka wajen zaunar da su a idon jama'a. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, kuma har yau muna rubuta 'y su suna rubuta ƴ. Ƙa'idar nan aikin masana ce, mai daraja ce, ku koye ta ku koya wa 'ya'yanku. Amma mutane ne suka zauna suka shirya ta, suka sauya ta, suka sake sauyawa. Ba wahayi ba ce da za a ƙulla gaba a kanta.

Sau da yawa ma abin da kake kira kuskure ba kuskure ba ne. Basakkwace ya rubuta hwara inda Bakano zai rubuta fara, ya rubuta yadda uwarsa ta koya masa magana. Ɗan'uwanka na Maraɗi ko Tawa da ya yi makarantar Faransanci ya sa ou a wurin u, ya sa tch a wurin c, haka aka koya masa baƙaƙen. Ɗan zango a Ghana ya rubuta Hausar da ya tashi da ita, wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba, alhali kakanninsa sun riƙe harshen shekaru aru-aru a tsakiyar wasu harsuna. Wani kuma wayarsa ce ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, wani idonsa ne ya yi rauni, wani bai taɓa zama a aji ba, shi ya koya wa kansa da dare bayan ya tashi daga kasuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Allah Yana ninka wa mai fafutika, kai kana yi masa dariya. Ka san abin da dariyarka take haifarwa? Sai ya daina rubutu. Mace ta so ta tambayi hukuncin jinin haila ko na gado, ta tuna yadda aka yi da ita wancan karon, ta haɗiye tambayar, ta ci gaba da bauta a cikin jahilci. Wa zai ɗauki wannan nauyi ranar da za a buɗe littattafai?

Ya 'yan'uwa, ladabin ba ɓoyayye ba ne, mun gaje shi a gidajenmu. Idan ka ga ƙwayar tuwo a gemun dattijo a tsakiyar taro, ba ka ɗaga murya ka ce Baba dubi gemunka. Sai ka haɗa ido da shi ka shafi naka gemun, ya gane, ya share, ba wanda ya sani. Haka za ka yi da rubutu. Ka keɓe shi, ka tura masa shi kaɗai, ka fara da sallama, ka amsa abin da ya faɗa tukuna domin ya san ka ji shi, sannan ka ce ɗan'uwa na ga kamar hannu ya zame a wuri kaza. Idan babba ne ka sa shi a sigar tambaya, ka ce Baba ko kaza ake nufi? Idan kuskuren ya yaɗu a tsakanin mutane da yawa, ka yi yadda Annabi yake yi, ya hau mumbari ya yi magana a kan abin da wasu mutane ke aikatawa ba tare da ya kama suna ba. Wani lokaci ma ya isa ka maimaita kalmar daidai a cikin amsarka, mai hankali zai ɗauka. Idan aya ce aka karkata a bainar jama'a, to a gyara a bainar jama'a domin kada a kwafa, amma a gyara ayar a bar mutumin, a kuma yi masa addu'a. Kafin duk wannan, ka tabbata kai ne a kan daidai, don sau nawa mai gyara yake zuwa ya ɓata abin da yake daidai, sannan a cikin layin gyaran nasa a sami kuskure uku. Laifi tudu ne.

Kai kuma da aka yi wa gyara, saura kai. Kada ka kumbura, kada ka ce wane ne shi. Sibawaihi ya zo Basra neman hadisi, ya yi kuskuren nahawu a majalisar Hammadu ɗan Salama, malamin ya gyara masa a gaban ɗalibai. Bai yi yaji ya bar karatu ba. Ya tafi ya lazimci Khalil ɗan Ahmad, ya zo ya rubuta littafin da har yau malaman Larabci suke kira Al-Kitab kawai, ba ƙari. Ko da mai gyaran ya yi maka da gatse, ka ɗauki gaskiyar ka bar masa gatsensa, ka ce Allah Ya saka da alheri. Kuma ku matasa masu gajarta sallama zuwa haruffa uku, masu gajarta salati ga Annabi don ƙyuya alhali kuna da lokacin rubuta zancen ƙwallo shafi guda, ku ji kunya. Uzurin da na nema wa tsohuwa da maraya ban nema muku ba.

Ina kira gare ku, ya ku masu ilimin cikinmu, malaman makaranta, ɗaliban jami'a, ma'aikatan da suka yi ritaya. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da ba su da abin fansa an sa su koya wa yaran Madina rubutu, hakan ya zama fansarsu. Haka Annabi ya ɗauki darajar koyar da rubutu. Idan da gaske kishin harshe ne ke damunku, ga zauren masallacin nan babu kowa tsakanin Magariba da Isha'i. Ku kawo allo da alli, ku zaunar da mai shayi da ɗan acaɓa, ku nuna musu inda ake raba kalma, ku karɓi wayoyinsu ku sa musu haruffan Hausa masu lanƙwasa. 'Yan'uwa mata masu ilimi su yi haka a Islamiyya da cikin gidaje. Wanda kuma ya san ya taɓa kunyata wani a gaban mutane saboda harafi, haƙƙin bawa ne a wuyansa, istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Ya nemi mutumin tun yau, kafin ya kwanta, ya ce masa wane na zalunce ka ranar kaza, ka yafe mini. Idan a gaban jama'a ya yi masa, to a gaban jama'ar nan zai nemi yafiyar.